Makarar da Ta Nuna Honorine

Makarar ta yi tangal-tangal a kafaɗun samari huɗu, ta kewaye gari, sannan ta zo ta daki ƙofar Honorine. A ƙasar Mosi wannan ya isa hukunci: gawa ta nuna wadda ta cinye kurwarta. Yaron da ya rasu ɗan Tiraogo ne, ƙanin marigayi mijinta. Shi Tiraogo kuwa, tun ranar da 'yan mishan na Katolika suka haƙa rijiya suka raba wa matan mamata filin lambu idonsa ke kan albasarta. Samarin huɗu kuwa yaransa ne, amma ba wanda ya ga abin magana a nan.

"Mayya!" in ji Tiraogo. "Kin cinye yayana, yau kin cinye ɗana!"

"Ka ji tsoron Allah... a bayan nan nawa na goya yaron nan!"

Suka ɓamɓare 'yarta Wendyam daga zaninta, suka raka ta da jifa har bayan gari. Ta ƙare a gidan sistoci a birni, tana kaɗin auduga cikin korarrun mata irinta, kullum addu'arta ɗaya cikin hawaye: "Ya Ubangiji, na yafe lambun... ka nuna mini 'yata kawai!"

Ana nan sai Wendyam ta faɗi a gidan Tiraogo inda aka ajiye ta, amai da kumfar baki, irin ciwon yaron sak, alhali mayyar tana can nesa. Aka kira Sista Blandine mai asibitin mishan. Ta nemi ruwa, aka miƙo galan, ta sunsuna ta yi tsaye. Galan ɗin maganin ƙwari ne, irin wanda mishan ke cewa a huda a binne in ya ƙare.

Matar Tiraogo ta fashe da kuka. "Shi ya hana a binne! Na ce yana wari, ya ce in rufe masa baki... a ciki ɗana ya sha, kuma ya sani!"

Sarkin gari ya kori Tiraogo, ya mayar wa Honorine da lambunta, ya aika a ɗauko ta. Ba ta ko kalli lambun ba, asibiti ta nufa. Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta kama bakin zaninta.

"Inna... me ya sa kika daɗe?"