Madubin Da Ya Dawo Gida Shi Kaɗai

Ranar da Fanta ta shiga Kasuwar Dole ta Damagaram, wallahi ba miji ta je nema ba. Madubin hangen nesa ta je saya wa babanta Malam Kassim, tsohon ma'aikacin gandun daji. Shekara talatin shi ke fara ganin jinjirin wata a unguwarsu ta Birni, yanzu kuwa ido ya soma yi masa gardama.

Ta tsaya a butik, wato shagon wani dogon saurayi, ta nuna madubin da ya fi girma. "Wancan nake so."

"Malama, ai jumel ba ragon layya ba ne da za a zaɓi mai ƙiba," in ji shi yana murmushi. "Wa zai riƙe?"

"Babana. Ya manyanta."

"To wancan sau ashirin yake jawo abu, rawar hannu ma sau ashirin zai jawo." Ya ɗauko wani baƙi da ya sha hannu. "Wannan sau bakwai ne, amma bakinsa na da faɗi, yana shan haske da magariba. Gwada."

Ta ɗora a ido, sai ga tattabara a kan hasumiyar masallaci kamar ta kai hannu ta taɓa. Da ta sauke, ta kama shi yana kallonta. Mahamud sunansa. Ya ba ta lambar salula, wai ko madubin zai ba da matsala. Uhm, matsala!

Ta ɓoye madubin sai azumi ya matso, saƙonni kuwa suka yi ta zirga-zirga.

"Tauraruwata, bayan isha ki duba ta wajen yamma. Kaza da 'ya'yanta na nan. Ƙirga ki gaya mini."

"Da ido shida nake gani, da naka sun fi talatin. Amma Mahamud, in na ɗora shi sai in ji kamar akwai mutum tsaye a bayana. Tsoro nake ji."

Gidansu Fanta gida ne na jira. Shekara takwas ke nan da wanta Mutari ya kama hanyar Libiya, ya tafi da madubin babansu da alkawarin zai dawo masa da shi, daga nan shiru. Ba a yi makoki ba, don ba wanda ya ce ya mutu. Kullum Inna sai ta share ɗakinsa ta bar ƙofar a buɗe. Malam kuwa ya rantse ba zai aurar da Fanta ba sai ya san inda ɗansa yake.

Ranar da Mahamud ya zo gaisuwa, Fanta ta miƙa wa babanta kyautarsa. Tsoho ya shafa, ya juya, yatsansa ya tsaya cak a ƙarƙashin maɗauri. Alama ce ƙarama da shi da kansa ya yi da ƙusa mai zafi.

"Nawa ne wannan," in ji shi. "Yaro, ina ɗana?"

Yusufu, ɗan baffan Fanta da ya daɗe yana sonta, yana zaune a zauren. Caraf ya cafe: "Baba, ai irin kayan nan daga jikin gawarwakin sahara ake kwaso su."

Malam ya daka wa Mahamud tsawa: "Tashi ka bar mini gida!"

Mahamud ya tashi ya fita. Kwana goma sha biyu butik a kulle, salula a kashe. Fanta ta yi kuka har ta gode wa Allah, zuciyarta na gaya mata mai gaskiya ba ya gudu. Ranar na sha uku saƙo ya shigo:

"Tauraruwata, ga ni a garin Takieta. Ba gudu na yi ba, sawun madubin na bi hannu-hannu. Gobe ina tafe da baƙo. Ki yi ta addu'a, labarin ba mai daɗi ba ne."

Baƙon tsohon direba ne, Garba. Ya durƙusa a zaure, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Malam, a motata ya rasu, kusa da garin Dirkou, a hanyar Libiya. Zazzaɓi ne. Da hannuna na yi masa wanka, mu tara muka sallace shi. Ya ba ni wannan ya ce in kai wa babansa, da shi yake duban wata. Ɗan Damagaram kawai muke ce masa, ban san unguwa ba. Shekara bakwai ina ajiye da shi, sai ɗana ya sayar ban sani ba. A yafe mini."

Daga bayan labule Inna ta saki kukan da ta riƙe shekara takwas. Malam ya rungume madubin a ƙirji. "An sallace shi, ka ce?"

"An sallace shi, Malam."

"Alhamdulillahi."

Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Mahamud ne ya yi ta shimfiɗa tabarmi, ba wanda ya sa shi.

Ranar ashirin da tara ga azumi, da faɗuwar rana, Malam ya ce a kira masa Mahamud. Suka hau dutsen Birni, Mahamud na riƙe da gwiwar hannunsa, Fanta na biye. Tsoho ya ɗora madubin a ido, ya daɗe yana laluben yamma.

"Ga shi can," in ji shi a hankali. "Siriri. Mutari ya cika alkawari." Ya share ido da hannun riga. "Mahamud, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Bayan salla ka turo magabatanka."

Fanta ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

Sati uku bayan salla aka ɗaura aure, Garba na sahun gaba. Da za a kai amarya, Malam ya dafa kanta ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa duk wanda ya fita daga gidanku ya dawo da ƙafarsa." Aka amsa da amin.

Inna kuwa ta miƙe, ta je ɗakin Mutari, ta ja ƙofar da hannunta ta rufe.