Baƙuwar Ƙarƙashin Dutsen Niƙa

"Cire sarƙar nan, Ijja. Ba ke kaɗai Kaka ta bar wa ba."

"To zo ki karɓa, Yaya, ki shiga da ita cikin hayaƙi. Ko gurasa za ki yi wa kwalliya?"

"Gurasar da baƙinki ke lashe yatsa a kanta?"

"Suna lashewa mana. Amma ban ga wanda ya taɓa tambayar wa ya gasa ba."

Tuda na tsaye a ƙasan matakala, hannuwanta duk ƙullu. Ƙanwarta Ijja na can sama, sarƙar azurfa na walƙiya a ƙirjinta. Inna Zayna, mahaifiyarsu, ta leƙo daga wajen awaki ta ce su rufa mata asiri, ga mutane can sun fara saukowa daga dutse. Ijja ta juya da rangwaɗa ta haye soro, Tuda ta koma duhunta.

Gidansu ne na ƙarshe a saman ƙauyen Tagunt. Kullum da hantsi motar Marrakesh kan sauke baƙi a gindin kwari, Iddir ɗan kawunsu ya yi musu jagora har can inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Da azahar su sauko a gajiye, su zube a kan soron gidan, su ci tajin, wato dafaffen nama da kayan lambu a kaskon ƙasa, da gurasar sha'ir, Ijja ta ɗaga buta sama ta tsiyayo shayi yana kumfa, su yi ta ɗaukarta hoto. Kafin rana ta faɗa bayan dutse sun koma birni.

Tuda kuwa takalmansu kawai ta sani, ta 'yar tagar ɗakin ƙasa inda tanda take. Takalma da muryoyi. Allah ya yi ta da kunne, abin da ta ji sau ɗaya sai ta maimaita shi kamar mai shi. Tana murza ƙullu tana matse hanci tana yin matar nan mai cewa komai ya ba ta mamaki, ko tsohon nan mai haki kamar alfadari. In ta gama da su sai ta yi Ijja, dariyar nan tata ta baƙi wadda ba ta taɓa yi wa 'yan gida. Daga nan sai ta dawo muryarta, ta faɗi abin da ke cinta, a hankali, ga bango.

Duk wani abu mai kyan gani a gidan ya riga ya hau soro: dardumar Kaka, tulunta, har tsohuwar fitila. A wannan makon Ijja ta sa Iddir ya kinkimo dutsen niƙa, wai baƙi suna son su kama mariƙinsa su juya. Inna ta ɗan yi gunaguni. Kaka, lokacin da take raye, duk yammacin Alhamis takan ajiye ɗan curin ƙullu marar gishiri a gefen dutsen, ba ta taɓa bari a gusa shi ba. Amma Kaka ta tafi, baƙi kuma suna nan zuwa. Inda dutsen ya tashi sai ya bar da'ira baƙa a ƙasa, wadda ko tanda na ci ba ta yin ɗumi.

Ran nan baƙi suka tafi kamar kullum. Inuwar dutse ta rufe kwari, ta hauro gida gida har ta iso nasu. Awaki suka shiga garke ba tare da an kora su ba. Shiru ya sauka, irin mai nauyin nan da ke zuwa gab da kiran magariba, har ana jin rafi can ƙasa kamar numfashin mai barci.

Sai tsakuwa ta faɗo kan soro.

Ijja na tattara kofuna. Ta ɗaga kai, ba gida a samansu, ba yaro, ba akuya. Wata ta sake faɗowa, ta shiga cikin kofi ta zauna. Inna ta fito ta ɗauka, ta yar da sauri. Tsakuwar da zafi, kamar daga toka aka zaro ta.

Daga ɗakin ƙasa kuma sai aka ji dariya, aka ji mace ta matse hanci tana mamaki da harshen baƙi.

"Tuda, bari wannan shashanci, magariba ce," in ji Inna.

"Inna, ga ni nan bayanki," in ji Tuda.

Su uku suka tsaya suna kallon bakin matakala, duhu na taruwa a ciki. Muryar ta yi haki irin na tsohon, ta yi ƙarar nan ta ɗaukar hoto, sannan ta yi dariyar Ijja, tsaf, ba ragi. Butar da ke hannun Ijja ta suɓuce. Ta zauna a ƙasa a hankali, idanunta a buɗe, amma ba ta ciki.

Haka aka shiga kwanaki. Da rana Ijja na zaune a kan soro fuskarta na kallon hanya, ba ci, ba magana. In yamma ta yi tsakuwa ta fara sauka, sai ta miƙe ta gyara zama, ta karkata kai tana murmushi ga wanda babu. Iddir ya karkata da baƙinsa wani gida a ƙasan ƙauye. Wuyan Ijja ya rame har sarƙar ta yi mata nauyi, Inna ta cire ta rataye a ƙusa.

Tuda ta ɗauka ta sa. Ta daɗe tana jiran wannan rana. Ta tsaya a tsakar ɗaki, azurfa na mata sanyi a ƙirji, ba mai kallo sai ƙanwarta da ba ta gani. Ta cire ta mayar. Da daɗewa ta so Ijja ta sauko ƙasa, amma ba irin wannan saukowar ba. Yarinyar ƙarewa take yi a gabansu, kamar kitse a kan wuta.

Aka aika wa Si Bihi, malamin masallacin ƙetaren kwari. Ya iso bayan la'asar, tsoho ne mai guntun gemu, ya huta a kan matakala kafin ya ƙarasa. Ya sa aka sauko da Ijja ɗaki, aka zuba turaren jawul a garwashi, ya zauna gaban Ijja, ya kama ɗan yatsanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Rana ta sauka, hayaƙin ya miƙe sak ba ya karkata. Sai Ijja ta yi hamma doguwa, da ta rufe baki kuma fuskar ta tsufa.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Sai yau aka tuna a tambaya." Muryar tana fita a daƙushe, kamar dutse na juyawa a kan dutse. "Maƙwabciya Kakarsu take ce mini."

"Kin san Allah?"

"Ina jin kiran sallarka tun muryarka na fashewa, Bihi." Ta kuwa yi shi, kiran sallar ɗan saurayi mai tsinkewa a tsakiya. Iddir da ke bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya yi dariya.

"An ɗauke miki dutse. Yanzun nan za a mayar, ki sakar musu 'ya."

"Wa ya ce maka dutse nake so? Dutsen ya ci sa'a. An hau da shi sama, mata masu jan gashi suna shafa shi. Darduma ta hau. Tulu ya hau. Alfadarin Iddir, mai kashi a hanya, hotonsa ya ƙetare teku. Ni da nake nan tun ba a aza tubalin gidan ba, ni aka bari a ƙasa." Sai muryar ta sauya, ta yi laushi, ta koma ta budurwa mai magana da bango. "Mu ne masu hayaƙi, su ne masu haske. Ko mutuwa na yi a nan, sai gurasa ta makara za a sani."

Muryar Tuda ce, kalmominta ne, har da ɗan jan hancin da takan yi a ƙarshe. Inna ta juyo ta dube ta, kallo mai tsawo, ta mayar da kai.

"Me ya sa wannan kika kama?" in ji malam.

"Ita ake kallo, sai na shiga inda ake kallo. Waccan kuwa," ta nuna Tuda da haɓa, "ko na so ba wurin shiga. Cike take da irin abin da ke cikina."

Si Bihi ya ƙara jawul. "Faɗi abin da zai fitar da ke."

"A bar ni a cikinta har dusar ƙanƙara ta sauko."

"Ba za ta kai ba, kin sani."

"To a sa ni a motar Marrakesh."

"Ki je ki hau kan bayin Allah a kasuwa? A'a." Ya ɗaga murya da karatu, jikin Ijja ya fara karkarwa, tsakuwa ta zubo a kan rufi kamar ƙanƙara, Inna ta toshe bakinta da mayafi.

"Tsaya, Bihi, kana ƙona ni." Ta numfasa. "Wuni guda. A yi mini yadda ake yi wa baƙi. A ɗora ni a kan alfadari, jagora a gaba yana nuna mini duwatsu yana faɗin sunayensu. A kai ni wajen ruwan, a ba ni gurasa ba gishiri, a ɗaga buta sama. A ɗauke ni hoto. In an yi, can zan zauna, ai ta wurin baƙi suke wucewa."

"Ba za ki taɓa kowa ba?"

"Kallo kawai."

"Rantse."

Ta rantse. Sannan ta ƙara da cewa, "Wadda ta zauna da ni a duhu, ita za ta raka ni, da sarƙa a wuyanta. Wannan ta sauka ta hura wuta."

Ijja ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi a jikin Inna. Hayaƙin jawul ya karkata, ya bi matakala ya hau soro inda dutsen yake. Can Ijja ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa."

Da ta sami ƙarfin tsayuwa aka sa rana. Iddir bai karɓi baƙi ba. Aka naɗe dutsen niƙa da dardumar Kaka aka ɗaure a bayan alfadari, dabbar na ta kaɗa kunne. Ijja ta fito daga ɗakin tanda idanu jajir, gurasar da ta gasa gefe ɗaya a ƙone. Ita da kanta ta ɗauko sarƙar ta rataya wa Tuda.

"Kada ki tsinka ta, Yaya."

"Kada ki ƙona gidan."

"Wai haka hayaƙin yake kullum?"

"Yau ma da sauƙi."

Suka kama hanya. Rabon Tuda da hawa can tun tana yarinya. Iddir na gaba, kunya kamar ta kashe shi, yana miƙa hannu yana gaya wa darduma sunan kowane tsauni. Da ya tsallake ɗaya, alfadarin ya kafe, sai da ya koma ya faɗa. Tuda ta ga ƙauyensu daga sama, ƙanƙani, gidaje manne da dutse, da ɗan siririn hayaƙi na fita daga na ƙarshe. Ta tsaya ta daɗe tana kallon hayaƙin. Ashe daga nan ana ganinsa.

A bakin ruwan suka sauke dutsen a wani lungu mai inuwa. Tuda ta ajiye gurasa marar gishiri, ta ɗaga buta sama kamar yadda take jin saukar shayin daga ƙasa shekara da shekaru, ya sauka da kumfa, ko ɗigo bai zube ba. Ta zauna gefen dutsen, ta gyara mayafi, feshin ruwa na sauka a kan azurfa. Iddir ya ja da baya ya ɗauka da wayarsa, ya zo ya miƙa mata.

Ta ga wata doguwar mace mai faɗin kafaɗa, rana a goshinta, tana kallon mutum ido cikin ido. A gefenta, dutse.

"Ya yi?" in ji Iddir.

Kafin Tuda ta buɗe baki, daga ƙarƙashin dutsen, a daƙushe, aka ce:

"Bai yi ba. Ta fi ni fitowa. A sake."