Dangar Gidan Amarya

Inno tana tankaɗen garin gero a tsakar gida bayan La'asar, sai ga mijinta Baba Malami ya shigo, ko sallama bai ƙarasa ba. Ɗansu Nasiruddeen yana gefe yana wanke babur.

"Kai, Nasiru! Taso nan. Yanzu na biyo ta masussuka. Ka san mi idona ya gani?"

"A'a, Baba."

"Yarinyar da za ka aura! Ta ɗaura raga tsakanin itace biyu, ta tara ɗiyan mutane suna tsalle suna bugun ƙwallo. 'Yan kabu-kabu sun jera babura suna kallo, suna fito. Har da ƙanwarka Zahra'u ciki!"

Nasiruddeen ya sunkuyar da kai. Sadiƙa, wadda saura mako uku a ɗaura musu aure, malama ce a makarantar ƙauyensu da ke gabas da Tsamaye. Filin wasa ɗaya ne a garin, samari kuma sun riƙe shi daga La'asar har Magariba. Da ta roƙi a ba 'yan mata kwana biyu a mako, dariya suka yi mata, suka ce fili na maza ne. Shi ya sa ta koma masussuka, inda mata ke sussukar gero, tunda kaka ta wuce wurin ya zama fayau.

"Ka tahi ka gaya mata," in ji Baba Malami, "ta zaɓa: ko ƙwallo, ko aure. Ba za ni haɗa zuri'a da abin kallon 'yan kabu-kabu ba."

Inno ta ɗago ta dubi mijinta, sai ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari Nasiruddeen ya sami Sadiƙa a zauren gidansu. Tun kafin ya buɗe baki ta ga abin a fuskarsa.

"Yaya Nasiru, faɗi kawai. Zahra'u ta riga ta zo mini da kuka."

Ya faɗa mata. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta.

"Da don kaina ne, wallahi yau za ni kwance ragar," ta ce a hankali. "Amma yara sha biyu ne. Huɗu cikinsu sun bar makaranta, ƙwallon nan ce ta maido su, don na ce wadda ba ta shiga aji ba ba ta shiga tim. Ga gasar da ake yi a garin Isa saura wata ɗaya. Samari sun je shekara biyar a jere, ana raka su mota da ganga. Mu ko sunanmu ba a taɓa rubutawa ba. In na bari, mi za ni ce da su? Na ce malamarku ta sami miji?"

Hawaye suka zubo mata. "Kuma ina sonka. Kada ka yi zaton abin bai yi mini nauyi ba."

Nasiruddeen ya juya maganar mahaifinsa a ransa. Tsohon bai ce wasan haram ne ba. Idon maza ne ya tsaya masa a rai.

"Malama," ya ce, "share hawayenki. Gobe ki zo da yaranki kamar kullum."

A bakin gari yana da ɗaki biyu da ya gina da hannunsa domin amarya. Komi ya kammala sai danga, ga kuma karan dawa dami arba'in da ya tara daga gonarsa, a jingine suna jiran a kafa. Kara ya yi tsada a shekarar, don gonakin cikin daji da yawa ba a noma su ba saboda tsoron 'yan bindiga, ɗan abin da aka samu kuma makiyaya sun kwashe wa shanu. Duk wanda ya rasa nasa, sai kaka ta zagayo.

Da hantsi ya ɗauro amalanke ya kwashe damin nan kaf zuwa masussuka. Ya haƙa ramuka, ya kafa dirkoki, ya ɗaure kara har ya fi tsayin mutum a kan babur. Ya bar ƙofa ɗaya, ya rataya mata tsohuwar tabarma. Da 'yan matan suka iso, tsayawa suka yi baki buɗe.

"Kai! Yaya, sitadiyam ka yi mana!" in ji Zahra'u tana tsalle.

Sadiƙa kam ba ta yi dariya ba. Ta gane karan.

Labari ya riga Nasiruddeen isa gida.

"Dangar gidanka ka kai wa ƙwallo?" in ji Baba Malami. "Na ce a bari, kai ka je ka yi mata katanga! To, ji nan. Ba a kai ɗiyar mutane gidan da ba danga, akuya ta shiga, mai wucewa ya leƙa. Kuma ko kara ɗaya ba ka taɓawa cikin nawa. Aure an ɗaga sai kaka ta baɗi — in iyayenta sun iya jira!"

"Baba, ka yi haƙuri. Ni dai idon maza na tsare, kamar yadda ka so."

"Tashi ka ba ni wuri!"

Sadiƙa ta yi kuka har ta gode Allah. Kawunnanta suka fara cewa shekara ba wasa ba ce, ga wani ɗan kasuwa a Bafarawa ya daɗe yana aike. Ta roƙi Nasiruddeen ya kwance dangar ya mai da ita gida.

"Ko kusa," ya ce. "Ke dai gaya mini abu ɗaya: za ki jira ni?"

"Ko kaka uku ce."

Danga ta yi abin da baki ya kasa. Iyayen da suka hana 'ya'yansu a da suka sake su, yara suka kai ashirin. Mata suka riƙa zuwa da goyo suna zama a inuwar kara, suna guɗa in ƙwallo ta faɗi gidan abokan karawa. Inno ma ta je sau biyu, wai ta zo neman Zahra'u, ba ta tashi ba sai da aka gama.

A gasar Isa ba su zo na ɗaya ba, na biyu suka zo. Amma an kira sunan ƙauyensu a lasifika, aka kuma zaɓi Zahra'u cikin waɗanda za su tafi Sakkwato.

Kwana uku bayan haka, Baba Malami yana zaune ƙofar gida da safe, sai ya hango mata sun jero, kowacce da damin kara a ka. Iyayen 'yan ƙwallon ne. A gabansu kuwa matarsa ce.

"Ke, Inno! Ina za ki da wannan? Ban hana ba?"

Ta tsaya, ba ta sauke kayan ba. "Malam, karanka ka hana, ba mu taɓa ba. Wanga na gayaunata ne, ni na shuka, ni na yanke. Kowace ta ɗebo daga tata. Yaron nan ya suturta ɗiyanmu, har da taka. Mu bar matarsa a sarari?"

Ya bi su da ido har suka sha kwana. Dami talatin da bakwai ya ƙirga. Can ya miƙe ya shiga bayan rumbu, ya ɗaura dami uku a kan jaki, ya ɗauki dagi.

Nasiruddeen na ganinsa ya durƙusa. Tsohon ya ɗauke kai.

"Tashi, riƙe mini igiya. Dangarka ta masussuka duk ta karkace, ba ka iya ɗauri ba. In mun gama wagga, can za mu."

Ranar Juma'a ta biyu aka ɗaura aure. 'Yan mata ashirin ne suka rako amarya.

Haka haƙuri yake, ɗacinsa a farko, zaƙinsa a ƙarshe. 'Ya mace ba ta nemi a ƙwace na ɗan'uwanta a ba ta ba, wuri kawai take nema ita ma ta gwada abin da Allah Ya ba ta. Wanda kuma ya kewaye 'ya'yan mutane da alheri, Allah ba Ya barin gidansa a buɗe.