Muryar Baba a Wayar Kowa

Trotro, motar haya, ta taso daga unguwar Madina ta birnin Ankara cike maƙil, Zakiya tana can kujerar baya rungume da ƙunshin atamfar yayi, wato ankon bikinta da ƙawaye za su ɗinka iri ɗaya. Saura mako uku cif a ɗaura mata aure da Mutawakil. Zafin motar ma bai dame ta ba, murmushi kawai take yi ita kaɗai.

Sai ga wata dusasshiyar murya daga wayar matar da ke kujerar gabanta.

"Jira ni a gadar Maamobi, Ƙaltume, kar rana ta kore ki..."

Zakiya ta ɗago kai da sauri, ta san muryar nan.

"Ei! Wannan waƙa!" Wani dattijo ya waiwayo da sauri. "Mas'udu Zinariya! Ashe yana da rai?"

"Yana nan, Alhaji," in ji mai wayar. "Duba yadda ya tsufa."

"Cale, 'yan'uwa, lokacinmu ba a biki a Nima, ba a suna a Sabon Zongo, sai kaset ɗin nan ya tashi. Har 'yan ƙabilar Ga da Asante suna bin amshi, ba su san me ake cewa ba!"

"Ita ke nan kuma," direba ya sa baki. "Guda ɗaya ya yi ya ɓace. Irinsu ai da yawa. Kun tuna Wadia Tauraruwa? Waƙa ɗaya, ta tafi Abijan, shiru kake ji. Ga 'yan biyun nan na Tudu masu farin takalmi..."

Mota ta kaure da "ka tuna" da "Allah sarki". Wannan ya ce ranar aurensa sau bakwai aka maimaita ta, waccan ta ce dukan da ta sha wajen babanta saboda rawar waƙar har yau ba ta manta ba.

Zakiya ta leƙa ta kafaɗar matar. Da ma ba ta leƙa ba!

Ɗakin mahaifiyarta ne. Ga Mma Ƙaltume zaune kan katifa babu ɗankwali, furfura a watse, koko na bin haɓarta. Ga Baba durƙushe gabanta riƙe da cokali, yana rera mata waƙa a hankali. A ƙasan bidiyon an rubuta sunan shirin, Waƙa Ɗaya Tak. Shirin Mutawakil ne, wanda yake tuna wa mutane da mawaƙan da suka haska sau ɗaya suka dushe.

"Wayyo, matan nan ya haukace ne?" wata 'yar kasuwa ta tambaya.

Zakiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta sauka a Maamobi, unguwarsu, ba.

To, bari ku ji ko wane ne Mas'udu. Shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, waƙar da ya yi wa budurwarsa Ƙaltume ta karaɗe Ankara kaf. Kaset na biyu kuwa ko kallo bai samu ba. Mai gita ya koma tuƙin tasi, mai ganga ya bi hanyar Libiya. Shi kuma ya auri Ƙaltumensa, Allah ya kira shi Makka, ya dawo ya faɗa a gaban jama'a cewa ya bar waƙa har abada. Muryar nan sai ya kai ta masallacin unguwa. Shekara ashirin da biyar yana kiran sallah, yaran yanzu ba su san shi da wani suna ba sai Malam Mas'udu Ladan.

Shekara uku ke nan da ciwon mantuwa ya kama Mma. Ta manta hanyar kasuwa, ta manta sunayen mutane, har Zakiya, 'yarta tilo, ta koma "yarinya" a bakinta. Daga baya abinci ma ta daina karɓa, sai ta dantse baki gam. Rannan Baba ya rasa yadda zai yi, hawaye na zubo masa, ya ji waƙar ta fito daga bakinsa. Mma ta ɗago, ta yi murmushi, ta buɗe baki. Tun daga ranar, safe da rana, sai da waƙar take cin abinci.

Gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, bango kuwa ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce sannu. Kowa yana ji. Amma da Baba ya fara, sai Anti Ruhaina ta ɗakin kusa ta ƙure rediyonta ko ta hau daka, don kar masu wucewa su ji. Shekara uku zancen bai taɓa ƙetare ƙofar gida ba. Haka Zongo take, a zage ka a layin famfo da safe, a rufa maka asiri kafin azahar.

Baƙo kuma ba ya shiga ɗakin. Sai ranar da magabatan Mutawakil suka kawo goro aka karɓa, Baba ya ɗaga labule da hannunsa ya ce, "Ka zama ɗan gida. Shigo ka gaida uwarka."

Zakiya ta sami Mutawakil a ɗan ɗakin ɗaukar shirinsa a Kokomlemle, bakinsa har kunne.

"Zakiyata! Kin gani? Rabin raina, tun safe wayata ba ta huta ba! Daga Kumasi, daga Lome, har daga Jamus ana kira..."

"Yaushe ka ɗauka?"

"Zauna mana ki sha ruwa."

"Mutawakil, na ce yaushe ka ɗauka!"

Ya sosa ƙeya. "Ranar Juma'a. Lokacin da kika fita ɗebo ruwan zafi."

"Baba ya sani?"

"Da na tambaye shi ai ba zai yarda ba."

"Shi ya sa ka sata."

"Sata? Haba, Zakiya! Mutumin nan tarihi ne! An manta da shi, yana zaune a lungu kamar bai taɓa girgiza garin nan ba. Ni na dawo masa da sunansa. Karanta abin da mutane ke rubutawa, kuka suke yi, suna cewa ga soyayya ta gaskiya..."

"Uwata fa? Ita ma sunanta ka dawo mata?" Zakiya ta katse shi. "Matar da tun ina yarinya ko ni ban cika ganin gashinta ba! Yau a cikin trotro, met yaron mota da direba da kowa da kowa suna kallon kanta a buɗe, ana tambaya ko mahaukaciya ce. A gabana!"

"Ban lura da ɗankwalin ba, wallahi..."

"Ina za ka lura? Ai ba ita ka je gaisarwa ba."

Ya kawar da kai. Sai wani tunani ya faɗo mata. Ta tuna ranar da ya fara zuwa shagon ɗinkinta da yadi a leda, namiji a shagon da mata kaɗai ake wa ɗinki, wai na ƙanwarsa ne.

"Ka kalle ni. Ranar da ka fara zuwa shagona, ka san ko 'yar wace ce ni?"

"Zakiya..."

"Don girman Allah, kar ka yi min ƙarya."

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Wata shida ina nemansa, wani tsohon mai sayar da kaset ya ce min yana da 'ya mai ɗinki a Maamobi. Amma wallahi tallahi daga baya son ki na yi! Ke ma kin sani! Ba don waƙa na kai goro gidanku ba!"

Abin da ya fi ci mata rai, ta san gaskiya yake faɗa. Yana son ta, ita ma tana son shi kamar ranta. Kuma duk da son, ya zaro waya a ɗakin da aka kira shi ɗa. Lallai da ɗan gari akan ci gari.

"Zan goge yanzu yanzu. Duba, ga shi na goge!"

"Ka bi wayar mutanen Nima ɗaya bayan ɗaya ka goge," ta ce. Ta ɗauki ƙunshin yayinta ta fita.

La'asar ta tarar da ita a bakin layinsu. Ta tsaya cak. Muryar da ke kiran sallah ba ta Baba ba ce.

Yana zaune kan benci a ƙofar ɗaki, carbi a hannu, bai ja ba. Anti Ruhaina ce ta raɗa mata abin da ya faru. Da azahar ya fito za shi masallaci, samarin da ke shan shayin ataya a bakin hanya suka miƙe suna tafi, "Zinariya! Zinariya! Malam, a ɗan taɓa mana!" Ba don wulaƙanci suka yi ba, murna ce irin ta ƙuruciya. Amma bayan sallah liman ya ja shi gefe, ya ce ya ɗan huta kwana biyu sai surutu ya lafa.

Zakiya ta zube a gabansa. "Baba, ka yafe min. Ni na kawo shi gidan nan."

"Tashi, 'yata. Ke kika kawo shi ƙofa, ni na shigar da shi ɗaki." Ya nisa. "Ladanci ba gadona ba ne, in sun karɓa sun karɓi nasu. Ita dai... ita ce ba ta san abin da aka yi mata ba, ba kuma za ta iya cewa ta yafe ko ba ta yafe ba. Shekara talatin da huɗu ina suturta matar nan, Zakiya."

Da aka kawo abincin Mma ya ɗauki cokali, ya buɗe baki zai fara, muryar ta maƙale. Ya sake gwadawa, ya waiga ya kalli taga, ya kalli ƙofa, sai ya ajiye cokalin ya fita. Ranar da ƙyar da lallashi Mma ta haɗiyi cokali uku.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Mutawakil ya zo da kawunsa Alhaji Ramadan da ƙwaryar goron ban haƙuri. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Matan gida duk suka sami abin yi a ƙofar ɗakunansu, wannan tsince shinkafa, waccan wankin da ba ya ƙarewa.

Alhaji Ramadan ya yi magana mai daɗi, ya ce yaro ya yi kuskure, ɗan yau ne, komai sai ya ɗora a waya. Baba ya ce shi dai nasa ya yafe duniya da lahira, maganar aure kuwa ba zai tsayar ba, ba zai tura ba, a tambayi mai ita.

Zakiya tana ciki tana fama da Mma da kofin koko. Ta ji takun Mutawakil har bakin ƙofa. Ta san takun nan, wata goma sha ɗaya zuciyarta tana tsalle in ta ji shi.

"Zakiya... masoyiyata, ki fito ko minti ɗaya. Na daina shirin gaba ɗaya, wallahi na rufe shi. Duk abin da kika ce in yi zan yi."

Ta runtse ido. Ta tuna gidan da suka kama a Madina, da labulen da ta ɗinka da hannunta, da sunayen 'ya'yan da suka zaɓa suna dariya. Kalma ɗaya kawai za ta furta duk su dawo. Amma in ta aure shi, ranar da ita ma ta kwanta ciwo, ko ta yi kuka, ko ta faɗi abin da ba na kunnen duniya ba, da wane ido za ta kalli hannunsa in ya shiga aljihu?

Mma ta karkata kai. "Yarinya, wa ke magana a waje? A shigo da baƙo mana."

Zakiya ta ɗaga murya yadda duk tsakar gida za ta ji.

"Ba kowa ba ne, Mma. Mai wucewa ne."

Can ta ji Alhaji Ramadan ya ce, "Taso mu tafi, ka ji amsarka." Takun ya yi nisa, ƙofar gida ta yi ƙara.

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata. Ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta tana yi kamar ranta zai fita, koko ya zube a tabarma ba ta ko sani ba.

Ta ji busasshen hannu yana shafa kanta a hankali.

"Ayya, yarinya... kyakkyawa da ke. Wa ya taɓa ki? Yi shiru, ki tashi ki je ki faɗa wa uwarki."

Zakiya ta ƙanƙame hannun ta manna shi a kumatunta.

"Ita nake faɗa wa, Mma," ta ce. "Ita nake faɗa wa."