Rabin Kuɗin Citta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Keziya na shanya citta a tsakar gidansu a Kafanchan sai ga mahaifinta Azariya ya shigo a fusace, ƙanensa Zamani na biye.

"Kira mini yaron nan naki!"

Yaron shi ne Chinedum, jikan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda aka sa ranar aurensa da ita. Sana'arsa canjin kirifto, kuɗin nan da ke zaune cikin waya, kuma a hannunsa Azariya ya ajiye kuɗin cittar bara.

Da ya zo ya durƙusa, Azariya ya ce, "Zamani ya samo kamfanin ƙasar waje mai ninka kuɗi. Ba ni nawa duka, yau!"

"Baba, rabi zan iya yau. Ƙungiyarmu ta 'yan canji ta ɗaure kanta: babban kuɗi rabi ke fita, sauran sai bayan kwana talatin, da sa hannun mutum uku."

"Gwamnati ce ta ce haka?" in ji Zamani.

"A'a, mu muka ce."

Zamani ya dubi wansa ya ce, "Ka ji ɓarawo! Shi ya yi doka, shi ya riƙe kuɗi!"

Ranar aka mayar da akuya da buhun gishirin da dangin Chinedum suka kawo na neman aure. Keziya ta same shi a bakin tasha tana kuka.

"Haba Nedu! Ka roƙi mutanenka mana. Doka ta fi ni ne?"

"In na karya ta dominki yau, gobe wani zai karya ta a kan kuɗin wata gwauruwa."

Ta juya ba sallama. Amma da aka ce ta cire zobensa, ta ƙi. Uban ya daina amsa gaisuwarta, tuwon da ta tuƙa ma ba ya ci.

Rabin da Azariya ya karɓa kuwa, ya zuba shi a kamfanin da Zamani ya samo. Bayan kwana goma sha tara, shafin intanet na kamfanin nan ya rufe. Azariya ya kai ƙara, lauya ya ce masa, "Baba, rajistarsu a wani tsibiri take, ofishinsu a wata ƙasa. Dokarmu ba ta kai can, tasu kuma ba ta san da kai ba." Kafin Azariya ya kai gida ya yanke jiki ya faɗi, hannunsa na dama bai sake ɗaguwa ba. Zamani ya tsere Kagarko.

Ran kwana talatin Chinedum ya zo asibiti da takardar fitar da sauran rabin kuɗin.

"Baba, saura sa hannunka."

Tsohon ya dubi hannunsa da ya mutu. Keziya ce ta kama babban yatsansa ta dangwala.

"Ɗana," ya ce da karkataccen baki, "akuyar nan... tana nan?"

"Ta ma haihu, Baba."

Aka ɗaura aure a coci, uban amarya a keken guragu. To 'ya'yana, gonar da shingen hukuma bai kai ba, sai mai ita ya yi mata nasa, kuma wanda ya iya ce wa kansa a'a shi ake ba 'ya.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya faɗa wuta, ba don gizo ba da kun ce na yi ƙarya.