Farin Dutsen Surin

A kwarinmu, in aka ambaci Shuhei ɗan gidan Kagami, abu biyu ake faɗa: yana ɗaukar kayan da mutum uku za su raba, kuma maganarsa ta shekara ba za ta cika kofin shayi ba. Direban bas ya ce ya taɓa jin dariyarsa, amma ba zai yi rantsuwa a kai ba. Tsofaffin mata kuwa cewa suke, tun ranar da mahaifiyarsa ta ɓata a hazo ta faɗa kwazazzabo, shi da ubansa, tsoho Genzo, suka raba shirun gidan biyu, kowa ya ɗauki rabi.

Masaukinsu na matafiya yana can ƙarƙashin ƙololuwar dutse, inda mota ba ta zuwa. Shinkafa da tukunyar gas da kayan miya duk a gadon bayan Shuhei suke hawa.

A irin wannan hawan ne ya tarar da wata budurwa zaune ita kaɗai a bakin hanya, jakarta ta kusa kai tsawonta. Ya sunkuyar da kai zai wuce, sai ta miƙo masa rabin kokwamba.

"A Koriya ba a wuce mai cin abinci a kan dutse," ta ce da Japananci mai tuntuɓe. "Karɓa, Alfadari."

"Alfadari?"

"To me zan kira mai irin wannan kaya? Ni sunana Surin."

Ya karɓa. Suka ƙarasa hawan tare, ita tana magana, shi yana ji.

Iska ta tsare ta a masaukin kwanaki. Ta riƙa taya shi wanke kwanuka, a nan ta gaya masa mahaifinta ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne a birnin Busan na Koriya, ya ƙare rayuwarsa yana cewa baɗi zai hau wannan dutsen, har ciwo ya kwantar da shi, ya rasu.

"Shi ya sa na zo ni kaɗai. Ba wanda zan zo da shi."

Shuhei ya daɗe yana goge kwano ɗaya. Can ya ce, "Gobe iska za ta kwanta. Zan raka ki."

Amma da gari ya waye ta riga shi fita. Da ya bi ta, sai ya same ta nesa da hanya, a bakin kwazazzabo inda ake hango duniya, tana ɗora duwatsu ɗaya kan ɗaya, kamar yadda mutanenta suke yi in suna da roƙo a zuciya. Kafin ya buɗe baki, Genzo ya iso. Da ƙafa ɗaya ya watsa tsibin.

"Ku baƙin nan!" ya daka mata tsawa. "Kun ɗauka dutse wurin wasa ne? Tattara jakarki ki koma garinku!"

Surin ta juya ta dubi Shuhei. Shi kuwa ƙasa ya duba. Ta durƙusa ta lalubi wani abu cikin tsakuwa, ba ta samu ba. Kafin rana ta take, ta sauka.

Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, aka kulle masauki, uba da ɗa suka koma gidan kwari. Shuhei ya yi ta rubuta saƙo yana gogewa, har ranar da ya tura:

"Mai Kokwamba, a dutsenmu tsibin duwatsu alamar hanya ce. In hazo ya sauko shi kaɗai ake bi. Wani ya taɓa tara irin naki a bakin kwazazzabon nan, Mama ta bi shi. Ya kamata in faɗa miki a ranar. Bakina ne ya ƙi."

Amsa ba ta zo ba sai da sati ya zagayo:

"Ban sani ba. Na yi kuka saboda mahaifiyarka, na yi saboda kaina. Amma Alfadari, shirunka ya fi ƙafar Babanka ciwo."

Daga nan saƙonni suka zama wutar da suke jin ɗuminta. Ita tana ɗakin haya a Busan, tana cin taliya a tsaye bayan ta taso daga aiki a asibitin haƙori. Shi yana kwashe ƙanƙara daga rufin gida, yana cire safar hannu duk sanda waya ta motsa.

Genzo ya lura. Sai Kozue, 'yar masu otal ɗin kwari, ta fara kawo musu miya kowace yamma.

"Ga yarinyar da ta san dutse," in ji tsohon. "Waccan kuwa, wata rana za ta kashe mana baƙo."

Kozue ta sa hotonta da Shuhei na bikin ƙanƙara a intanet, Surin ta gani, ta rubuto masa:

"Allah ya sanya alheri. Ta dace da ku, ita ba ta taɓa duwatsu."

"Miya take kawowa, Baba ke shanyewa. Ni kokwamba nake jira. Ki dawo in ƙanƙara ta narke, ina so in aure ki."

"Haka ake neman aure a garinku, kamar ana odar gas?"

"Ban iya wata hanyar ba, Surin tawa."

A wajen cin abinci Shuhei ya ajiye tsinkayen cin abincinsa ya ce, "Baba, Surin zan aura. In ba ka yarda ba, ka nemi mai hawo maka da shinkafa."

Genzo ya ture kwanonsa gefe. Ya tashi ya zauna gaban hoton matarsa, ya daɗe.

Da bazara Surin ta dawo da jakarta, aka ɗaura aure a ofishin gari, mutanen kwari suka sa albarka, har Kozue ta kawo waina. Kujerar Genzo ce kaɗai ba kowa. An ce tun da safe ya hau dutse.

Washegari ango da amarya suka hau. A mararrabar da hanya ke kauce wa kwazazzabo akwai wani babban tsibi da Genzo ya gina da hannunsa bayan rasuwar matarsa, ba ya barin kowa ya taɓa. A nan suka same shi tsaye.

Surin ta rusuna. "Baba, na yi kuskure bara, ban san..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya zaro wani abu daga aljihun ƙirjinsa, ɗan farin dutse sumul kamar ƙwai.

"Na san duwatsun nan kamar 'ya'yana," ya ce. "Wannan ba na nan ba ne. Ruwan teku ne ya goge shi. Na tsince shi ranar da kika sauka."

Surin ta ce, "Na mahaifina ne. A bakin tekun garinmu ya ɗauka, ya ce shi zai kawo nan."

"Duk sanyin nan yana gefen hoton matata. Kullum ina kallonsa ina jin kunya." Ya miƙa mata da hannu biyu. "Ɗora shi a nan sama. In hazo ya sauko, fari ya fi fitowa. Mahaifinki ya riƙa nuna wa mutane hanya."

Tsawonta bai kai ba, sai Shuhei ya ɗaga ta kamar buhun shinkafa, ta ɗora. Da ya sauke ta ta doke shi a kafaɗa tana hawaye, shi kuwa ya yi dariya, dariyar da direban bas bai yi ƙarya a kanta ba.

Genzo ya cire hularsa, ya sunkuya har furfurarsa ta kusa taɓa gwiwa.

"Na sa ƙafa a kan abin mahaifinki, na kore ki kamar ba 'yar mutane ba. Ki yafe mini, 'yata."