Sawun Garma a Ƙasan Teku

Daf da magariba Dokta Dabo ya aiki Kausar sito. Aike ne mai sauƙi: akwatin sanyi guda, ta ajiye a siton kamfani da ke unguwar Fort Washington, ta wuce gida.

"Ki yi haƙuri, 'yata, yau jikin nawa sai a hankali."

Wa zai ce wa Kawu Dabo a'a? Aminin mahaifinta ne tun Kano, shi ya samo mata aikin zana taswira a kamfaninsu. Shekara biyu tana fama da abu ɗaya. Can ƙasan tekun Pasifik, zurfin kilomita huɗu, an taɓa jan wata ƙatuwar garma don gwajin haƙar ma'adinai. Shekara ashirin da shida ke nan, amma hotunan da jirgin bincike ya aiko sun nuna sawun garmar raɗau, kamar gonar da aka huɗe jiya. Kausar ta zana kowane layi. Masu kwangila kuwa so suke a ce wurin ya warke, don hukuma ta ba su izinin haƙa. Da Kawu ya nemi ta goge layukan ta ƙi, sai ya yi dariya, ya ce ta gado taurin kan ubanta. Baiwar Allah, ta ɗauka magana ta mutu.

Ta karkata motarta daga babbar hanya, ta kama ɗan titin da ke bin gefen kogin Potomac. Bishiyoyi hagu da dama. Ba mota ko ɗaya.

Wari ya fara, ba irin na kogi ba. Warin gishiri da tsohon taɓo. Kunnuwanta suka toshe ɗif, kamar an danna kanta cikin randa.

Sai ƙara daga baya. Ƙiii. Ƙarfe ake ja a ƙasa, a hankali.

Ta dubi madubi. Kwalta na tsagewa a bayanta, ruwa na ɓulɓulowa.

Mota ta mutu. Ruwa ya taso daga ƙarƙashin kujera, ya kama idon sawunta. Sanyinsa har ƙashi.

"Kausar Almu." Muryar tsohuwa ce daga kujerar baya, ƙasa-ƙasa. "An shigo mana da garma ba sallama, ba bisimilla. An bi ta kan 'ya'yanmu. Mun yi ta jiran mai shaida, ke kaɗai kika gani. Sannan kika ce ba a yi ba."

"Wallahi ban ce ba," Kausar ta raɗa.

"Buɗe akwatin."

Ta buɗe. Kwalbar taɓon ƙasan teku ce a ciki, da rahoton da aka miƙa wa hukuma makon jiya. Taswirar fes, ba layi ko guda. A ƙasa sunanta ne shi kaɗai, da sa hannun da ba ita ta yi ba.

"Kwana uku muna ƙofar Kawunki," in ji muryar. "Ya ce ba shi ba ne, zai aiko mana da mai sunan."

Baƙin ciki ya ture tsoro gefe. Mutumin da ya zauna a sahun gaba ranar sunanta, shi ya ɗaure ta ya miƙa.

Ruwa ya kai ƙirji.

Ta fasa kwalbar, ta tsoma yatsa a taɓon. Ta ɗaga takardar sama, ta fara ja. Layukan nan ta haddace su kamar hanyar gidansu.

Ruwa a wuya.

Layi ashirin. Talatin.

Ruwa a haɓa. Wani abu mai sanyi ya riƙe mata gwiwar hannu, yana jira.

Ta ja na ƙarshe.

"An yi. Na shaida."

Aka saki hannun. Ruwan ya tsotse ƙasa, mota ta tashi da kanta. Kausar ba ta waiwaya ba har gidanta a Lanham.

Washegari ta aika wa hukuma taswirar gaskiya, ta ajiye aiki. Tun ranar yatsan nan bai ƙara ɗumi ba, ko da ta riƙe kofin shayi.

Magariba ta uku aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Kawu Dabo ne, kaftaninsa jiƙe sharkaf zuwa ƙugu, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

"'Yata, suna jin maganarki. Ki ce musu kuskure ne. Don girman mahaifinki."

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda aka koya mata, hawaye na zuba.

"Kawu, ai na riga na ba da shaida."

Ta rufe ƙofa, ta murza mukulli.